Daga Takarda Zuwa Majigi: Tsokaci a Kan Shehu Umar

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa rayuwar adabi ba ta tsaya a cikin littafi ba. Alal misali, an buga Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1934, lokacin da masu karatun boko ba su da yawa. Da Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, sai labarin uwar nan da ta faɗa cikin bauta garin neman ɗanta ya isa ga wanda bai san boko ba. Don haka, a ganinmu, manazarcin da ya tsaya ga rubutu kawai, bai leƙa gidan silima ko hirar zaure ba, rabin aiki ya yi.