Walda kafin yanka: yadda rubutun haɗe ke tsira daga wuƙar inji

A Kano, daga Wapa zuwa Kantin Kwari, daga titin Ibrahim Taiwo zuwa bakin kasuwar Sabon Gari, da wuya ka ɗaga ido ba ka ga rubutun sitika ba. Yana jikin gilashin shago, yana bayan rigunan 'yan ƙwallon unguwa, ya fi yawa kuma a jikin adaidaita sahu, waɗanda suka cika gari tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013. Abin da a da mai fenti ke zaunawa ya ja da burushi, yanzu kwamfuta ke tsarawa, inji ya yanka. Rubutun da masu kawo aiki suka fi so shi ne mai lanƙwasa, wanda haruffansa ke riƙe da juna kamar an ja su da alƙalami ba a ɗaga hannu ba. "Malam, irin mai haɗewar nan za ka yi mini," haka ake cewa. Shi ne kuma wanda aka fi ɓatawa.

Ɓarnar ba ta nuna kanta ranar da aka liƙa. Sai bayan ƙurar hunturu ta bi ta kai, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya gasa ledar, sannan za ka ga kowace mahaɗa ta tsage, gefenta ya ɗago ya yi baƙi, sunan da aka rubuta ya fara zubewa harafi-harafi. Mai adaidaita ya ce sitikar ce ba ta da kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ne, don leda mai araha tana motsewa in ta sha rana. Amma sau da yawa laifin ya faru tun a kan kwamfuta.

Injin yanka ba ya ganin launi, ba ya ganin baƙi. Yana da 'yar wuƙa ce ƙarama wadda ke bin layin gefen kowace siffa da aka tura mata. A fuskar kwamfuta, idan wutsiyar "a" ta shige cikin "m", ido yana ganin baƙi ɗaya ne a miƙe. A ƙarƙashi kuwa kowane harafi siffa ce mai zaman kanta, a rufe, da nata layin. Wuƙa za ta zagaye "a" gaba ɗaya, har da wutsiyar da ta shiga gonar "m", sannan ta dawo ta zagaye "m" ta sake ratsa wutsiyar. A kowace mahaɗa sai a sami ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa, yankakke ta kowane ɓangare. Ta nan ƙura da ruwa ke shiga.

Maganin shi ne walda. A CorelDraw, manhajar ƙasar Kanada da ta fito tun 1989 wadda masu wannan sana'a suka fi sabawa da ita, sunan umarnin Weld. A Illustrator Unite ne, a Inkscape ta kyauta kuma Union. Aikinsu ɗaya: su goge layukan da suka ratsa juna, su bar layi guda da ke zagaye kalmar daga farko har ƙarshe.

Sai dai walda ita ce kusan ta ƙarshe, kuma a nan masu gaggawa ke faɗawa rami. Da zarar an yi ta, rubutu ya tashi daga rubutu ya koma zane. Ba sauran gyara harafi, ba sauran sauya salo. Don haka mai hankali yakan ajiye kwafin asali a gefe, saboda Alhaji na iya dawowa da yamma ya ce a ƙara "da 'Ya'yansa" a bayan sunan. Kafin nan kuma sai an zauna an daidaita tazara, harafi bayan harafi. Inda wutsiya ta taɓa maƙwabcinta da kyar, a matso da ita ta shiga sosai, in ba haka ba mahaɗar za ta fito siririya ta tsinke wajen ɓarewa. Inda ta shige da yawa har ta leƙa cikin ramin "o" ko "e", a ja ta baya, don walda za ta toshe ramin ko ta bar ƙaho a cikinsa. Wannan zama na minti kaɗan shi ne ya raba gwani da ɗan koyo, kuma ni a ganina shi ne ainihin abin da ake biya.

A CorelDraw akwai umarni biyu da ke yaudarar sababbin hannu. Group yana tara haruffa ne kawai su riƙa motsi tare, layukansu na nan yadda suke. Combine kuwa ya fi muni, domin duk inda siffa biyu suka hau juna sai ya mai da wurin rami. Haka nan wanda ya ga rubutunsa ya yi siriri ya ƙara wa layin gefe kauri bai yi komai ba, wuƙa ba ta san da wannan kaurin ba. Sai an faɗaɗa siffar kanta da Contour. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a juya kallo zuwa Wireframe, inda launi ke ɓacewa layuka su fito tsirara. Abin da ka gani a nan shi wuƙa za ta bi.

Rubutun Larabci da ajami sun fi kowane buƙatar wannan kulawa, tunda su haɗewa ɗabi'arsu ce, kusan kowane harafi yana kama na gaba. Ga ɗige-ɗige da wasula da ke tsaye su kaɗai, waɗanda ke bin ledar banza su tafi wajen ɓarewa in ba a sa ido ba, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya sauya harafi. Yawancin abin da ake rubutawa da Larabci a jikin mota da shago ambaton Allah ne. Aikin da ya lalace a inji kwandon shara yake zuwa, wanda ya lalace a jikin mota kuma ƙasa yake zuba ana takawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin a duba sau biyu kafin a tura.

Bokon Hausa ma yana da tasa matsalar. Akasarin salon rubutun haɗe an zana su ne don harsunan Turai, ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ka rubuta "Ɗan Fagge" sai manhaja ta kawo akwati ko ta aro harafi daga wani salon da bai dace ba, shi ya sa da yawa ke zubar da ƙugiyar su huta. Alhali gyaran ba wuya: a rubuta harafin yadda salon ya tanada, a zana ƙugiya mai kaurin da ya yi daidai da jikinsa, a dasa ta ta shige ciki kaɗan, a haɗa su a walda ɗaya. Ba mai gane ba tare aka haife su ba.

Sauran aiki na hannu ne. A gwada yanka a ɗan gefe, a tabbata wuƙa ta ratsa leda ba ta ci takardar baya ba. In aikin riga ne da za a danna da zafi, ko wanda za a liƙa ta cikin gilashi, a juya rubutun baibai. A ɓare da tsinke a hankali, a ɗauko kalmar da faffaɗan salatif na ɗauka, a goge ƙura da maiƙo tas kafin a manna. Shi kuma mai kawo aiki, kafin ya ji ƙarar inji, yana da damar ya leƙa kwamfutar ya ce, "Malam, nuna mini layukan tukuna." In ya ga suna ratsa juna a tsakanin haruffa, ba a yi walda ba.