Kaɗaici a wurin bida: yadda baƙo ke samun abokai a Abijan

Kaka ta wuce. An ɗaure damman hatsi an kai rumbu, an cire gyaɗa, an roro wake. Yanzu ne samari da magidanta ke haɗa kaya za su bida. Mutanen Adar da Gobir da Arewa sun daɗe da sanin hanyar kurmi: wasu Ikko, wasu Kwatano da Lome, wasu Akkara, da yawa kuma Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Mai tafiya yana lissafin kuɗin mota da guzuri da ɗan jarin da zai fara da shi. Akwai abu guda da ba ya sa wa cikin lissafi, alhali yana jiran sa tun daga tasha. Wannan abu shi ne kaɗaici.

Jama'a na tsammanin kaɗaici sai mai zaman daji. Ba haka ba ne. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutanen Abijan sun haura miliyan 5. A kasuwar Ajame da ƙyar mutum ke samun wurin aje ƙafa. Duk da haka, mai tallan agogo ko mai gyaran takalma yana iya wuni bai yi magana da kowa ba sai ta ciniki. A garinsu kuwa, kafin ya kai gona ya gaisa da mutum 20, kowa ya san sunansa da na mahaifinsa. Wani abin mamaki: mutanen Abijan sun ari kalmarmu, suna kiran mai shayi da kofi na bakin titi "aboki". Mutum ɗari za su kira shi aboki a yini guda, amma in dare ya yi ba shi da wanda zai gaya wa cewa kansa na ciwo.

Kaɗaici yana taɓa jiki

A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan wannan matsala. Ta ce cikin kowane mutum 6 a duniya, guda yana fama da kaɗaici, kuma yana da hannu a mutuwar mutane fiye da 871,000 kowace shekara. Kafin nan, a 2023, babban likitan gwamnatin Amurka ya kwatanta illar rashin mutane da ta shan karan taba 15 a rana. Ingila ta naɗa minista domin wannan matsala a 2018, Japan ma ta yi haka a 2021.

Ta yaya rashin abokin hira zai zama ciwo? Ku dubi tunkiyar da ta ɓace wa garke. Ba ta kiwo, ba ta kwanciya, sai waige-waige da kuka. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Idan mutum ya ji ba shi da kowa, jikinsa yana zama cikin shirin tsoro dare da rana. Barci ba ya nisa. Jini yana hawa. In abin ya daɗe, yana share hanya ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa.

A makonnin farko kusan kowane baƙo yana jin kewa. Abinci ba ya masa daɗi, yana mafarkin gida, ƙaramin abu ya ɓata masa rai. Wannan ba ragwanci ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai an koya wa namiji ya haɗiye, shi ya sa da yawa ke neman sauƙi wurin mai tallan ƙwaya. Tramol yana ɗauke gajiya da tunani na ƴan awoyi, daga baya ya kama mutum ya ƙi saki. Yana sa faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma yana cinye kuɗin da aka bar gida dominsu. Wanda ya sha domin ya manta kaɗaici, ciwo biyu ya tara wa kansa.

Ƴan gida da talho ba su isa ba

Baƙo yana sauka wurin ƴan garinsu, kuma haka ya dace. Su za su ba shi tabarma, su nuna masa inda ake saro kaya, su sa shi cikin asusu. In ciwo ko mutuwa ta zo, su ke haɗa kuɗi. Kada kowa ya yi wasa da wannan zumunci.

Amma mu faɗi gaskiya. Ƴan ɗaki duka baƙi ne, kuma an ce baƙo ko da ido makaho ne. Kowa ya fita da asuba, ya dawo a gajiye. Da hadari ya fara haɗuwa a arewa, rabin ɗakin sun kama hanyar gida. Akwai mutanenmu da suka shekara 10 a Abobo ko Yofugon ba su taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba, ba su san sunan maƙwabcin da suke ɗibar ruwa a famfo ɗaya da shi ba. A ganina wannan hasara ce babba, ko da mutum ya tara kuɗi.

Talho kuma ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Dā sai a jira mai zuwa gida a ba shi wasiƙa ko kasat, yau da WhatsApp mutum na jin muryar mahaifiyarsa nan take. Sai dai wanda ya raba dare yana sauraron saƙonnin gida, jikinsa na Abijan, hankalinsa na Illela. Kuma sau da yawa saƙon gida na buƙata ne: hatsi ya ƙare, yaro ba lafiya, ana bikin wance. Shi kuma sai ya ce komi lafiya, domin kada ya tayar musu da hankali. Ya fi kyau a tsai da lokacin kiran gida, misali bayan sallar isha'i ko ranar Juma'a, sauran lokacin a ɗaga kai a dubi mutanen da ke kusa.

Abota awoyi take ci

Wani malamin jami'ar Kansas a Amurka mai suna Jeffrey Hall ya yi bincike a 2018. Cikin waɗanda ya tambaya har da manya da ba su daɗe da ƙaura zuwa sabon gari ba. Ya gano cewa ana bukatar kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama ƴar abota, kamar awa 90 kafin a ce wane abokina ne, sannan fiye da awa 200 kafin a zama aminai. Ya kuma lura cewa awoyin da aka yi ana aiki kawai ba su kai na zaman hira da wasa amfani ba.

Mu yi lissafi irin namu. Wanda ke zama awa guda kullum da mutane, cikin kwana 50 ya sami na gaisawa da raha. Cikin wata 3 ya sami aboki. Wanda ya tafi a watan Nuwamba zai dawo a watan Mayu yana da kusan kwana 200. Ashe rani guda ya isa a yi amini, in ba a ɓata watannin farko cikin ɗaki ba. Manomi ya fi kowa gane wannan: ba a shuka yau a yi girbi gobe, kuma ba a canja gona kowane mako.

Saboda haka dabara ta farko ita ce zama wuri guda. Ka zaɓi masallaci guda, ka riƙa tsayawa sahu guda. Ka zaɓi rumfa guda ta cin abinci. A Abijan abincin talaka shi ne garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifin tuna da barkono, kuma ana danganta sunan da ƴan Nijar da suka shahara da sayar da shi. A kan bencin mai garba za ka tarar da direban gbaka, da makanike, da ɗan lakwal. In ka zo yau ka zo gobe, ran na biyar wani zai matsa maka wuri. Abin da muke kira fada, inda ake dafa shayi ana hira, can ma akwai shi, suna ce masa "giran". Mai son ƙwallo kuma ya nemi inda ake buga marakana, wato ƙwallon ƴan wasa kaɗan da ƙananan raga da ake yi cikin unguwa. Ƙafa ba ta bukatar tafinta.

Gaisuwa da harshensu

Ba sai ka iya harshe duka ba. Kalma 10 sun isa buɗe ƙofa. A kasuwannin Abijan, bayan Faransanci, Julanci ne ya fi yawo. Da safe ka ce "i ni sogoma". Da marece ka ce "i ni wula". Godiya kuma "i ni ce". In an gaishe ka, namiji yana amsawa da "mba", mace da "nse". Akwai wata kalma da kowane ɗan Kwaddibuwa ya sani, kowace ƙabila yake: "yako". Ita ce sannunmu ta jaje. Ana faɗa wa mara lafiya, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ya yi tuntuɓe a hanya.

Za su yi dariyar yadda kake faɗi. Ka yi dariyar tare da su. Mu ma haka muke yi wa Bature in ya ce "ina kwana", amma nan take muke jin ya shiga ranmu. Kuma ka riƙa tambaya: mi ake kiran wannan, wace mota ke zuwa Tireshbil, ina likita mafi kusa. Mutum na son wanda ya nemi saninsa. Wanda ya koya maka kalma yau, gobe zai tsaya ya ji ko ka riƙe ta.

Zaman tsakar gida

Yawancin baƙi suna haya a gidajen da ɗakuna da yawa ke kewaye da tsakar gida guda, famfo guda, makewayi guda. Nan ne ake gane halin mutum. Ka biya rabonka na ruwa da wuta a kan lokaci. Ranar shararka kada a neme ka. Ka san sunayen yaran gidan, domin wanda ya riƙe sunan yaro ya sami uwarsa.

Cikin maƙwabta akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai Baule da Bete da Mosi. Ranar Sallar Layya, ko ɗan nama kaɗan ka samu, ka aika wa ƙofar da ke kallon taka. Su ma za su tuna da kai ranar Kirsimati. In an kawo abin da ba ka ci, ka yi godiya ka faɗi dalili cikin ladabi. Mutanen da suka saba zama da Musulmi ba za su ji haushi ba. Abin da ya fi duka nauyi shi ne rasuwa. Mutanen kurmi suna girmama zaman makoki ƙwarai. Ka je, ka zauna, ka ce "yako", ka ba da ko dala 100. Za a manta wanda ya zo biki, ba za a manta baƙon da ya zo makoki ba.

Mace da aka kai aure ko ta je aiki ita kaɗai, kaɗaicinta ya fi tsanani, domin sau da yawa tana wuni cikin ɗaki. Ita ma hanyar guda ce: bakin famfo, kasuwa, awon ciki ko rigakafin yara a likita, da asusun matan gida. Maigida ya taimaka mata, kada ya hana.

A nan sai an yi hattara. Ba duk mai fara'a ne aboki ba. Wanda ya nemi rance tun makon farko, ko ya ce ka aje masa ƙunshin da ba ka san cikinsa ba, ko ya nemi riƙe maka takardunka, ka ja jiki. Siyasar ƙasar mutane kuma ba taka ba ce. Kwaddibuwa ta shiga yaƙi a 2002, ta sake shiga rikici bayan zaɓe daga ƙarshen 2010 zuwa Afrilun 2011, kuma baƙi ƴan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda aka kai wa hari a Abijan. A irin wannan rana ɗan gari ne ke fara jin labari, shi ya san hanyar da ba a bi. Zai ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya sani ne.

Yaushe za a je likita?

Kewa tana raguwa da sabo. Amma in mutum ya wuce mako 2 cikin baƙin ciki kullum, ba ya jin daɗin komi, barci da cin abinci sun lalace, ya kasa fita nema, to abin ya zama ciwon damuwa. Ciwo ne kamar sauran, kuma yana da magani. A je likita a faɗi gaskiya. In har ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ce wasa yake yi, a kai shi a ranar. Wannan nauyi yana kan ƴan ɗaki, domin mai ciwon ba ya iya kai kansa. Wani lokaci komawa gida na ɗan lokaci shi ne daidai, kuma kada ƴan gari su yi masa gorin ya dawo hannu sake.

Ku ma na gida kuna da aiki. In ɗanku ya kira, kada maganar kuɗi ta zama ta farko. Ku tambaye shi wa ya ci abinci da shi yau, wane ne maƙwabcinsa, ya je gaishe da wani kuwa.

In damina ta matso ka tashi komawa gona, kada ka sulale da asuba. Ka bi ƙofa-ƙofa ka yi sallama, ka rubuta lambobin talho. Ranar dawowa kuma ka riƙo musu tsaraba: ɗan kilishi, ko cuku, ko albasar Galmi, wadda matan Abijan suka riga suka sani a kasuwa.