Ƙafa 10 da Inci 5

A watan Mayun 2017, a garin Valdez da ke jihar Alaska ta Amurka, wani matuƙi mai suna Frank Knapp ya sauke ɗan ƙaramin jirginsa a gaban alƙalai da 'yan kallo. Da aka ja ma'auni daga layin da aka shata a kan titi zuwa inda tayoyinsa suka tsaya, sai aka samu ƙafa 10 da inci 5, wato mita uku da 'yan kai. Motar Corolla ta fi wannan tazara tsawo. A Kano kuwa, babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura kilomita uku, kuma ba don ado aka shimfiɗa shi haka ba.

Duk wanda ya ga bidiyon irin wannan sauka a wayarsa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kai, haɗi ne!" Ba laifinsa ba ne. Jirgin na tahowa hanci a sama, injin na ruri, yana jan jiki a hankali, sai ya dire ya tsaya cik. Amma wannan zargi bai da dogon kwana. Gasa ce da ake yi duk shekara a bainar jama'a, da alƙalai tsaye a gefen titi, da doka mai tsauri: wanda tayarsa ta taɓa ƙasa kafin layi, ko da inci ɗaya ne, wannan saukar ta tashi a banza. Abokan hamayya na nan sun zuba ido, kuma ba mai yafe wa wani. Abin dai ya faru. Saura a gano ta yaya.

Na biyu da ake tuhuma shi ne birki. Waɗannan jirage suna da manya-manyan tayoyi masu taushi, waɗanda aka yi don sauka a kan tsakuwar bakin kogi, don haka sai a ce ai su ne suke cafke ƙasa. Lissafi bai yarda ba. Jirgi irin na Knapp tayoyi biyu gare shi a gaba, da 'yar ƙarama a wutsiya. In matuƙi ya danne birki da ƙarfi fiye da kima, wutsiya ce za ta tashi, farfela ta sari ƙasa, jirgin ya kifa. Da ɗan birkin da irin wannan jirgi zai iya jurewa, abin da ya taɓa ƙasa yana gudun kilomita 100 a awa sai ya ci fiye da mita ɗari kafin ya tsaya. In aka juya lissafin ta baya, aka tambayi wane gudu ne za a iya kashewa cikin mita uku, amsar tana wajen kilomita 15 a awa. Saurin mai keke ke nan da ba ya cikin gaggawa.

A nan maganar ta ƙara rikicewa maimakon ta warware. Cessna 172, jirgin da aka fi koyon tuƙi da shi a duniya, sai ya kai wajen kilomita 100 a awa kafin ya ɗaga daga ƙasa. Babu jirgi mai fiffike, ɗauke da mutum da injin, da zai iya tsayuwa a sama da gudun kilomita 15. To me ya riƙe shi?

A sake kallon irin waɗannan bidiyoyi, amma a wannan karon a bar jirgin, a dubi abin da ke kewaye da shi. Jakar iskar nan mai kama da hannun riga da ake ratayewa a kan sanda a gefen titi ta miƙe. Rigunan alƙalai na kaɗawa. Kuma duka gefe guda suke nunawa, daga hancin jirgin zuwa wutsiyarsa. Jirgin yana fuskantar iska ne.

Fiffike bai san ƙasa ba, kuma ba ruwansa da ita. Abin da ya sani kawai shi ne saurin iskar da ke ratsa shi. Ko jirgin ne ya kutsa cikin iska, ko iskar ce ta taso ta same shi, duk ɗaya ne a wurinsa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ranar da iskar hunturu ke busawa ya ga shirwa ta buɗe fuka-fuki ta fuskanci iskar, ta tsaya wuri guda a sama ba ta gaba ba ta baya. A idon mahauci a tsaye take, a cikin iska kuwa gudu take yi. Saboda haka kowane jirgi gudu biyu gare shi a lokaci guda: wanda yake yi a cikin iska, da wanda yake yi a kan ƙasa. Na farko ne ke ɗauke da shi. Na biyu ne birki ke fama da shi, kuma shi ne ma'aunin alƙali ke gani.

Wannan sani ya girmi gasar nesa ba kusa ba. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun zaɓi wani wuri mai suna Kitty Hawk don gwajin jirginsu ne saboda iskarsa. Ranar 17 ga Disamba 1903 iskar da ke dukan fuskar jirginsu ta haura kilomita 30 a awa, Orville ya yi tafiyar ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12. In ka raba, bai wuce kilomita 11 a awa ba a kan ƙasa, shi ya sa Wilbur ya iya bin gefen fiffiken da gudu a farkon tashin. Titin jirgin Kano ma daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma yake kwance, hanyar da iskar hunturu da ta damina suke bi.

Da a nan aka tsaya, da an ce iska ce ta yi aikin, a rufe magana. Sai dai littafin Cessna 172 ya kawo cikas. Ƙa'idar da ke ciki ita ce, duk iskar gaba mai saurin kusan kilomita 17 a awa, kashi 10 cikin 100 kacal za a rage daga tazarar tashi ko sauka. Jirgin da ke buƙatar mita 290 ya koma 260. Ina 260, ina uku? Kuma ba a cikin guguwa ake gasar ba, don da guguwa ce da ba wanda zai fito da jirgin yadi da bututun ƙarfe. Iska ita kaɗai ba ta isa ba, akwai abokin aikinta.

Abokin shi ne jirgin kansa, da yadda aka ƙera shi ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba. Da farko nauyi: masu gasar kan cire kujerar baya, su zuba man da bai wuce na 'yan mintoci ba, wasu har yadin da ya rufe bayan jirgin suke yayewa, a bar ƙarafa tsirara. Sannan fiffike. Idan gudu ya ragu, dole matuƙi ya ɗaga hanci don fiffiken ya ƙara cizon iska, amma fiffike na yau da kullum in karkatarsa ta wuce digiri 15 ko 16, iskar da ke bin samansa sai ta ɓalle ta hargitse, ɗagawar ta zube. Maganin shi ne wani siririn falle da ake ɗorawa a gaban fiffiken da 'yar kafa a tsakani, wadda ke tilasta wa iska ta ci gaba da manne wa saman fiffiken har karkata ta wuce digiri 20. A bayan fiffiken kuma akwai leɓe mai sauka ƙasa da ke ƙara masa lanƙwasa. Jamusawa sun haɗa waɗannan biyu a jirginsu Fieseler Storch tun 1936, yana iya tafiya da kilomita 50 a awa, kuma da shi aka ɗauke hamɓararren shugaban Italiya Mussolini daga wani fili mai duwatsu a tsaunin Gran Sasso ranar 12 ga Satumba 1943.

Akwai kuma rurin injin nan lokacin sauka, wanda da farko yake kamar ba shi da ma'ana, tunda mai son tsayawa ba ya ƙara wuta. Farfela ce ke hura iska a kan tsakiyar fiffike da wutsiya, wato jirgin na ƙera wa kansa ƙarin iskar gaba. Kuma da yake hanci na sama, wani kaso na jan injin sama yake ɗaga jirgin.

Yanzu a haɗa su. Mu ce an wahala an sauko da mafi ƙarancin gudun jirgi zuwa kilomita 40 a awa. Iskar gaba mai kilomita 25, wadda ba ta fi ta kaɗa riga ta ɗauke hula ba, ta bar masa 15 a kan ƙasa. Ga lambar da birki ya nema tun farko. Sirrin kuwa yana cikin yadda tazara ke bin gudu: ba ɗaya bisa ɗaya take raguwa ba. In gudun ƙasa ya ragu da rabi, tazarar tsayawa kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Iskar kilomita 25 ga jirgin da ke sauka da 100, ɗan ragi ne. Ga wanda ke sauka da 40, ta cinye fiye da rabin gudunsa, tazarar ta koma kusan kashi ɗaya cikin bakwai. In iskar ta kai 40, jirgin zai sauko a tsaye. In ta wuce, da baya zai riƙa tafiya, abin da aka san tsohon jirgin Tarayyar Soviet Antonov An-2 da shi.

Sanyi ma ya sa hannu. Valdez a bakin teku take, kuma a watan Mayu da sauran ƙanƙara a kan duwatsun da ke kewaye da ita. Iska mai sanyi ta fi kauri, fiffike da injin duka sun fi samun abin kamawa. A Kano da tsakar ranar Afrilu, da zafin digiri 40 da tudun mita ɗari huɗu da wani abu, kaurin iska ya gaza na Valdez da kusan kashi 15 cikin 100. Jirgin nan da matuƙin nan ba za su maimaita wannan lamba a can ba.

Abin da lissafi bai nuna ba shi ne halin da mutumin da ke ciki yake. Hanci ya tare masa gaba, ta gefen taga yake leƙen layin. Hannu ɗaya na kan sandar tuƙi, ɗaya na kan abin ƙara wuta, yana tausa shi kaɗan-kaɗan, jirgin na gab da inda fiffike zai saki. Yana ƙetare layi ya kashe wuta, ya taka birki, wutsiya ta ɗaga, ya ja sanda ya maido da ita. Iska kuwa ba ta da alƙawari. In ta ɗan lafa na daƙiƙa ɗaya yana ƙafa goma a sama, babu rarar gudun da zai cece shi, jirgin zai faɗo ne kawai, ƙafafunsa su sha. Shi ya sa a tuƙin yau da kullum ake koya wa matuƙi ya ƙara gudu in iska na zuwa tana ɗaukewa. Masu gasa akasin haka suke yi da gangan, a kan titi mai faɗi, da jirgi ba kaya. Matuƙin da ke kai wasiƙu da magunguna ƙauyukan Alaska, inda mafi yawan garuruwa mota ba ta zuwa, ba ya wasa kusa da wannan iyaka.

A ganina, saboda wannan ne bai kamata a riƙa jera lambobin gasar kamar na tseren mita ɗari ba. Ma'aunin alƙali ƙasa yake aunawa, ba a cire rabon iska a ciki. A 2018 wani matuƙi daga Kanada, Dan Reynolds, ya sauka a ƙafa 9 da inci 5 a wannan fili na Valdez, ƙafa guda cur ƙasa da ta Knapp. A irin wannan gudu, ƙarin iskar da ba ta kai kilomita ɗaya a awa ba, a daidai lokacin da taya ke taɓa ƙasa, ta isa ta haifar da wannan bambanci.