Watarlu: yaƙin da ake sakewa bisa tebur

Ranar 18 ga watan Yuni na shekara ta 1815, a wani fili mai nisan kilomita kamar 20 kudu da birnin Burusel, cikin ƙasar da ake kira Beljika a yau, rundunar Napoleyon mai mayaƙa wajen dubu 72 ta kara da ta Welinton, babban kwamandan Ingila, mai wajen dubu 68. Da la'asar sai ga sojojin Purusiya, ƙarƙashin jagorancin Bulusha, sun ɓullo ta gabas, kuma kafin dare ya yi an murƙushe rundunar Napoleyon, abin da ya kawo ƙarshen mulkinsa. Duk wanda ya zauna bisa bencin lakkwal ya ji sunan Watarlu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, har gobe akwai mutane a Turai da Amurka da ke sake wannan yaƙi bisa tebur, don sha'awa kawai.

Masu wannan wasa suna sayen ƴan mutum-mutumin soja na dalma ko na roba, masu tsawon milimita 15 ko 28, su zauna su yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, kowace bataliya da launin kayanta da tutarta. Sannan su shimfiɗa koren ƙyalle bisa tebur, su kafa tuddai da itatuwa da gidajen gona. Da abin awo ake auna tafiyar dakaru da ta sojan doki, ana kuma jefa ƙwayar lido don a san ko harbin igwa ya samu ko ya kuskure. Kamar dara, wasa ne na lissafi da haƙuri, sai dai shi yana bukatar karatun tarihi.

Asalinsa daga barikin soja ne. A 1824 wani hafsan Purusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabanninsa wasan yaƙi bisa taswira, suka karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 kuma marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya tsara dokokin wasa da ƴan sojan dalma domin farar hula.

To amma tebur shimfiɗaɗɗe ne, kuma mai wasa yana hango komi daga sama, abin da babu janar ɗin da ya taɓa samu. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke ɗaukar jaka su tafi filin da kansu, don gani ya kori ji. Wanda ya tsaya inda Faransawa suka ja daga zai tarar ba ya ganin abin da ke bayan tudun Mont-Saint-Jean, inda Welinton ya ɓoye yawancin dakarunsa daga igwa. Wanda ya taka gonakin bayan ruwan sama zai gane abin da ya sa ba a fara faɗa ba sai kusan tsakar rana: an kwana ana ruwa, taɓo ya riƙe ƙafafun igwa da na dawaki, kuma wannan jinkiri ya ba Purusiyawa lokacin isowa.

Filin ma bai tsira daga hannun masu iko ba. Tsakanin 1823 da 1826 sarkin Holan ya sa aka tara wani tsauni mai tsawon mita kamar 40 a wurin da aka raunata ɗansa, aka ɗora zakin ƙarfe bisa kansa. Baƙi na hawa matakala 226 don su hangi fagen fama, alhali ƙasar da aka gina tsaunin da ita daga tudun Welinton aka kwaso ta, abin da ya sauya kamannin wurin. Sai a 1914 Beljika ta kafa dokar kare filin.

Labarin da ya fi jan hankali shi ne na kyaftin William Siborne. A 1830 aka ba shi aikin ƙera kwatancin filin Watarlu. Ya yi wata 8 a gonar La Haye Sainte yana auna ƙasa, ya rubuta wa hafsoshin da suka halarci yaƙin, ya samu amsoshi wajen 700. A 1838 ya kammala aikin, da ƴan mutum-mutumi sama da dubu 70, yana nuna yadda daga take da misalin ƙarfe 7 na yamma. A cikinsa ana ganin Purusiyawa da yawan gaske sun riga sun tsunduma cikin faɗa wajen ƙauyen Plancenoit. Wannan bai yi wa Welinton da na kusa da shi daɗi ba, don yana rage wa Ingila rabonta na nasara. Gwamnati ta riga ta janye kuɗinta, bashi ya yi wa Siborne katutu, daga baya kuma ya kwashe yawancin ƴan sojan Purusiya daga bisa filin. Kwatancin yana nan ajiye a gidan tarihin sojan Ingila da ke Landan.

Ashe ko a wasa, wanda aka ɗora bisa tebur da wanda aka cire magana ce ta gaskiyar tarihi. Akwai kuma abin da tebur ba ya iya nunawa sam. In an kashe sojan dalma, mayar da shi akwati ake yi sai wani mako. A Watarlu kuwa, mutum kusan dubu 50 aka kashe ko aka raunata cikin yini guda. A 2022 masu tonon kayan tarihi sun gano cikakken ƙwarangwal na wani mutum kusa da gonar Mont-Saint-Jean, wadda ta zama asibitin rundunar Welinton a ranar, yana kwance cikin rami ɗaya da ƙasusuwan dawaki. Shekara 207 bayan yaƙin, babu wanda ya san sunansa.