A-Kori-Kura: Cututtukanta Da Kuɗin Gyaranta

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu, ko ya je cin kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, ya ga ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya wadda ake kira a-kori-kura. Ita ke kwaso gero da dawa da gyaɗa da riɗi daga ƙauyuka, ita ke kai awaki kasuwa. Mutum ya kan sayar da amfanin gonarsa na shekaru ya sayi tsohuwarta, yana tsammani ya sami abin ciyad da iyali. In ya san halinta, ta ciyad da shi. In bai sani ba kuwa, ita za ta cinye shi.

Asalin motocin

Galibin tsofaffin nan iri biyu ne. Akwai Peugeot, wadda mutanenmu ke ce wa Fijo, watau 404 da 504. Asalinta daga Faransa ne, amma tun 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuwa yi ta yin 504 a can har 2006. Akwai kuma Toyota Hilux ta ƙasar Japan, wadda aka fara ƙerawa a 1968. To, ka gani, Fijon da ka tarar ana sayarwa yau ta riga ta kwana biyu a duniya. Wanda ya sayi tsohon jaki ba ya mamaki in ya ga yana ɗingishi.

Ciwo na fari: zafin inji

Cikin inji wuta ke ci kullum, gama fetur da iska su ke gamuwa, fulogi ya ƙyasta musu wuta, ƙarfin fashewarsu ya tura fistin. Domin kada ƙarfe ya lalace, sai aka sa ruwa yana kewaya injin, ya komo lagireto ya huce, fanka tana yi masa fifita. Da bazara, sa'ad da zafin ƙasarmu ya kan kai awo 40, ƙaramin aibi ya isa ya tafasa ruwan. Ko fanbel ya saki, ko tiyo ya tsage, ko kuwa ruwan rijiya ya bar gasari ya toshe lagireto.

Fanbel da tiyo suna cikin mafi araha a kayan mota. Amma in direba ya ga allura ta hau ja, ya ce bari ya ƙarasa gari tukuna, sai gaskit na kan inji ya ƙone, wani lokaci ma kan injin ya karkace. Alamarsa farin hayaƙi a salansa, ruwa yana ƙarewa ba a ga inda ya ke zuba ba, baƙin mai kuma ya koma kamar an dama shi da nono. Daga nan sai buɗe inji, kuɗin kuwa ya ninka na fanbel sau da yawa. Saboda haka da ganin allura ta hau, ka tsaya, ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama tururinsa ya kan saɓule fatar fuska.

Ciwo na biyu: baƙin mai da ƙura

Baƙin mai shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ƙura kuwa abokiyar gabarsa ce, ga ta kuma ba ta yankewa a hanyoyin ƙauye, balle da hunturu. In matatar iska ta yage, ƙura ta shiga ta zama kamar yashi a dutsen niƙa, ta cinye ringi. Sa'an nan za ka ga hayaƙi shuɗi-shuɗi, mota tana shan baƙin mai kamar fetur. In hayaƙin baƙi ne, wannan dabam: fetur ne ya yi wa iska yawa, sai a wanke kafireto, a duba matata da fulogi. Wannan gyara mai sauƙi ne.

Tsohon inji mai aiki cikin ƙura yana son juye bayan kamar kilomita 5,000, tare da sabuwar matatar mai. Kowace safiya ka zaro sandar awo ka duba. In ka bar mai ya ƙare, ko ka sayi gurɓatacce don araha, ran nan sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji. Shi ne a kan ce inji ya buga. Ba gyaran da ya fi wannan tsada, har wani lokaci sayen wani inji na gwanjo ya fi sauƙi.

Ciwo na uku: yawan lodi

An yi waɗannan motoci su ɗauki kamar tan guda, ko da 'yan kai. Tan guda kilo 1,000 ke nan, watau buhu 10 na hatsi mai kilo 100. Amma sau nawa ka ga an jibga mata buhu 20, mutane kuma sun hau bisa? Sifirin na baya ya miƙe ya karye, taya ta fashe, farantin kuloci ya ƙone wajen fita daga yashi ko taɓon damina, ƙashin motar ya tsage sai walda. Farantin kuloci ba shi ne abin tsoro ba. Sai an sauke giya kafin a kai gare shi, don haka ladan aikin ya ke da yawa. Kuɗin buhu goman da ka ƙara ba safai ya kan biya wannan ɓarna ba.

Ciwo na huɗu: birki da sitiyari

Sauran cututtuka dukiya su ke ci, wannan kuwa rai ya ke ci. In ka taka birki ka ji ya yi laushi, ko sai ka yi ta bugawa kafin ya kama, to, mai yana yoyo ko iska ta shiga. Waɗansu su kan zuba ruwan sabulu maimakon man birki. Kada ka kuskura! Ruwa yana sa tsatsa, kuma in birki ya yi zafi sai ya tafasa, ƙafarka ta tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Haka kuma in sitiyari yana wasa, ko gaban mota yana rawa, a duba ƙusoshin ƙafa tun ba su fita bisa gudu ba. Robobin birki da mansa ba su kai kuɗin tunkiya ba, ran mutum kuwa ba shi da kasuwa.

Yadda a ke lissafin kuɗin gyara

Farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan mota sun yi tsada ƙwarai, gama yawancinsu daga ƙetare su ke zuwa. Saboda haka abin da zai amfane ka shi ne ka iya lissafi da kanka.

Kowane gyara kuɗi uku gare shi: kuɗin kaya, ladan makanike, da hasarar kwanakin da mota ta yi a kwance. Na ukun nan shi mutane ke mantawa. Ga misali. A ce motarka tana bar maka naira 20,000 kowace rana. Makanike ya ce kaya da lada naira 60,000 ne, amma sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, tafiyar da ta fi kilomita 100, mota ta kwana biyar. Biyar sau 20,000, 100,000 ke nan. Ashe gyaran nan 160,000 ya ci, ba 60,000 ba.

Kaya kuma iri uku ne: sabo na ainihi, na gwanjo da aka cire daga wata mota, da jabu. Na gwanjo mai kyau ya kan fi sabon jabu ƙarko. Amma abin birki, da fanbel, da matata, sabo za ka saya. Araha ba ta ado. Ku yi ciniki da makanike tun bai kwance kome ba, ka kuma ce ya ba ka tsohon abin da ya cire.

In za ka sayi tsohuwa

Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ba na mai sayarwa ba. Ku je da sassafe a tashi injin yana sanyi, ku dubi launin hayaƙi. Ku leƙa ƙarƙashi ku nemi tsatsa da tabon walda, gama sabon fenti ya kan ɓoye tsohon ciwo. Ku duba lambar inji ta yi daidai da ta takarda. Kada kuma ka zuba dukan abin hannunka wajen saye, ka rage na gyaran fari.

Bayan haka ka sami ɗan littafi. Tun da ka iya rubutu yanzu, rubuta ranar juye, da abin da ka saya, da abin da mota ta kawo. Kowace rana kuma ka ware wani abu na gyara kafin ka taɓa riba. In wata uku suka wuce ka duba littafin, shi zai gaya maka gaskiya: ko motar ke yi maka bauta, ko kuwa kai ke yi mata.