Dokar Kare Bayanan Jama'a: Daga Turai Zuwa Ƙanƙara

Ran 11 ga watan Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamnatin Tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka bi layi, aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu. A watan Satumba 2021 kuma aka katse musu hanyar sadarwa saboda tsaro, har zuwa Disamba.

To, wa ke tsaron bayanan nan da aka tara?

Sai a watan Yuni 2023 Nijeriya ta sami cikakkiyar doka, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu, aka kafa hukuma ta musamman a Abuja. Ghana ta riga mu tun 2012, Jamhuriyar Nijar a 2017. Amurka kuwa ba ta da doka guda ta tarayya da ta game kome. Jihohi irin su Kalifoniya ke yin nasu.

Tamu ta ɗauko salo daga dokar Tarayyar Turai wadda ta fara aiki a 2018. A can ana iya cin kamfani tarar kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara. A nan babban kamfani zai biya Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100, duk wanda ya fi yawa. Dukansu sun ba mutum ikon ya san abin da aka rubuta game da shi, ya kuma nemi a gyara ko a goge.

Amma fa Bature ya yi dokarsa ne yana tunanin manyan kamfanonin intanet. Tsoron manomin Faskari dabam ne: kada labarin kuɗin da ya cira wajen mai POS, ko jerin sunayen waɗanda aka raba wa tallafi, ya kai kunnen mai yi wa 'yan bindiga leƙen asiri. Wannan maganar rai ce. Kuma dokar ta jingina da yardar mutum, alhali takardar da ya dangwala wa yatsa da Turanci aka rubuta ta, sau da yawa ba wanda ya karanta masa.

Sa'an nan dokar ta sassauta wa hukumomi idan aikin ya shafi tsaron ƙasa ko binciken laifi. A waɗannan ƙananan hukumomi uku kuwa, da wuya a sami abin da ba za a iya kiransa tsaro ba.