BATIRIN LITIYAM: YADDA ZA A SAITA CAJI KADA A JAWO GOBARA

Duk wanda ya saba sayayya a Kasuwar Singa, can tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, ya san irin kayan da a ke jibgewa a wurin: sukari, fulawa, taliya, man girki, sabulu da ashana, kwali bisa kwali har rufi. Ya kuma san abin da wuta ta ke yi wa irin waɗannan kaya. A shekarar 2016 gobara ta ci shaguna a Singa, ba a daɗe ba wata babba ta tashi a kasuwar Sabon Gari, dukiya mai yawa ta zama toka.

Kantunan ƙungiyoyinmu na ƙauye da kayan Singa a ke cika su. Yanzu kuwa a cikin ɗakunan nan ne a ke cajin waya, da fitilar sola, da injin feshi mai batir. Samarinmu kuma sun soma sayen ƙananan jirage marasa matuƙi da motocin wasa. Da yawa daga cikin waɗannan da batirin litiyam su ke aiki, saboda haka ya kamata mu san halinsa.

Wane iri ne wannan batir?

Kamfanin Sony na ƙasar Japan shi ne ya fara fito da batirin litiyam mai caji kasuwa a 1991. Ba shi da nauyi, ga riƙe wuta. Amma ba shi da haƙuri irin na batirin mota. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa domin baturanta suna kama wuta. Idan babban kamfani ya gamu da wannan, ina ga mai koyo?

Wanda mu ke magana a kansa shi ne mai rubutun LiPo a jiki. Ba shi da gwangwani, cikin jakar leda mai laushi ya ke. Na waya da na fitila suna da ɗan abin tsaro a ciki mai yanke wuta idan sun cika. Na jirage da motocin wasa yawanci ba su da shi. Mai caji shi ne mai tsaro, watau kai.

Abu huɗu da za a saita

Caja irin ta iMAX B6 da makamantanta ba ta sanin batirin da aka haɗa mata sai an gaya mata.

Na ɗaya, irin batir. A zaɓi LiPo. Kowane ɗaki na wannan batir bolt 3.7 ne, ya kan cika a 4.2, kada ya wuce. Akwai LiFe mai cika a 3.6, da LiHV mai cika a 4.35. Akwai kuma NiMH da Pb, na biyun shi ne na batirin mota. Wanda ya yi cajin LiPo da saitin NiMH ya kira wuta da kansa, gama cajar ba za ta tsaya a 4.2 ba.

Na biyu, yawan ɗakuna. Za a ga 2S ko 3S ko 4S a jikin batir. 2S ɗaki biyu ne, bolt 7.4, ya cika a 8.4. 3S bolt 11.1 ne, ya cika a 12.6. 4S bolt 14.8 ne, ya cika a 16.8. Idan rubutun ya goge, sai a ƙirga siraran wayoyin da ke kan farin soket, a cire ɗaya: waya huɗu ɗaki uku ke nan. Kafin ta fara, caja ta kan nuna adadin da ta gani da wanda aka saita. Idan sun saɓa, a tsaya.

Na uku, ƙarfin caji. A duba lambar da ke da mAh a gefenta, a raba ta da dubu. Mai 2200 amfiya 2.2 ke nan, mai 1300 kuwa 1.3, mai 5000 sai 5. Wannan shi a ke kira 1C, batir ya kan cika cikin awa ɗaya da ɗoriya. Ƙasa da haka ba laifi. Babbar lamba irin 25C ko 50C da a ke bugawa a gaba ta fitar da wuta ce wajen aiki, ba ta caji ba ce.

Na huɗu, daidaita ɗakuna. A zaɓi inda aka rubuta BALANCE, a haɗa farin soket ɗin tare da manyan wayoyi biyu. Dalili kuwa shi ne, jimla tana iya nuna 12.6 alhali ɗaki ɗaya ya kai 4.4, sauran biyu suna 4.1. Wancan ɗaya shi ne zai kumbura.

Wurin caji da ajiya

Kada a yi caji cikin sito ko kanti, ko kusa da fetur, taki da maganin feshi. A nemi daɓen siminti cikin inuwa, a sa batirin cikin tukunyar ƙasa wadda ba a toshe bakinta ba, a ajiye bokitin yashi kusa. Kada a kwanta barci a bar shi, kada kuma a tafi gona a bar shi.

Iyakar zafin da ya dace da caji awo 45 ne. A watan Afrilu zafin Kano ya kan kai 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano ya fi haka. To, a yi caji da sassafe ko da yamma, batirin da ya fito daga aiki a bar shi ya huce tukuna.

Kada a yi aiki da shi har ya mutu sarai. Ɗakin da ya sauka ƙasa da bolt 3.0 ya soma lalacewa. Idan za a ajiye shi har wata damina, a zaɓi STORAGE, ta kai kowane ɗaki wajen 3.8.

Batirin da ya kumbura ko ya huje, kwanansa ya ƙare. Kada a huda shi don a fitar da iska, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙone. A sa shi cikin yashi nesa da gida da yara. Idan ya kama wuta, a cire caja daga lantarki, a rufe shi da yashi, a guji hayaƙin gama yana da guba.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, a taro mai zuwa a zaɓi mutum ɗaya mai kula da caji, a rubuta saitin kowane batir a takarda a manna jikin cajar. Bokitin yashi ba ya cin ko kwabo, amma kayan kanti gumin shekara guda ne na mutane da yawa.